Wasiƙa daga Garwa: Kada a zuba yumɓun bentonit a tulun kombuca

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina neman alfarmar fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abin sha da ya fara shiga gidajenmu a nan Garwa, wato shayin nan mai tsami da ake kira kombuca, da kuma wata dabara da ta biyo bayansa, ta zuba masa garin wani yumɓu mai suna bentonit don ya washe. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin sinadarai a makarantar sakandare kafin in yi ritaya, kuma da ban ga abin da idona a cikin dangina ba, da ban ɗauki alƙalami ba.

'Yar ƙanwata tana sana'ar zoɓo da lemon citta, tana ɗurawa a robobi yara su kai bakin kasuwa da tashar mota. Bara wata ƙawarta da ta dawo daga Yawunde ta kawo mata abin da masu wannan harka suke kira uwa, wata fata ce mai santsi da kauri kamar gandar da aka jiƙa, wadda ake sakawa a cikin shayi mai sukari a rufe bakin tulun da ƙyalle, bayan mako guda ko biyu shayin ya yi tsami yana ɗan cizon harshe kamar lemon kwalba. Yarinya ce mai hannu, nan da nan ta iya, har ta sami masu saye a cikin ma'aikatan ofis da 'yan makaranta. Da zafin Maris da Afrilu ya kama sai kombucar ta riƙa fitowa da duhu-duhu, ga wasu zare-zare masu launin ƙasa suna yawo a ciki, har wani mai saye ya yi mata ba'a cewa abin ya yi kama da ruwan Binuwai a watan Agusta. Wannan magana ta tsaya mata a rai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zo gaishe ni ɗauke da kwalabe biyu, duka na kombucar da ta haɗa da zoɓo. Ɗaya ja wur kamar yadda aka san zoɓo, sai dai da duhu-duhun nan. Ɗayar kuma ta washe har ana ganin yatsa ta bayanta, amma launinta ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki, kuma a gindinta akwai wata laka mai ruwan toka da ta kwanta. Ta ce, "Kawu, ka ga yadda na gyara ta? Wani gari ne ake zubawa, an ce har guba yake tsotsewa." Na tambaye ta inda ta samo garin, ta ce ƙanin mijinta yana aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse, shi ya ɗebo mata a leda daga buhun da suke kwaɓawa a wurin aiki, tun da sunan da ke jikin buhun shi ne sunan da ta ji ana faɗa a bidiyon da aka turo mata ta waya. Na ce mata, "'Yata, ki dakatar da sayar da wannan tukuna, ki bar mini ledar."

Kafin in faɗi abin da na gani a garin, ya kamata mai karatu ya san abin da ke gudana a cikin tulun. Uwar nan gida ce ta ƙwayoyin halitta iri biyu da ido ba ya gani. Akwai yis, dangin wanda ake kwaɓa fanke da burodi da shi, wanda yake cin sukari ya fitar da iska da ɗan sinadarin barasa; akwai kuma bakteriya da suke mayar da wannan barasa ta zama tsamin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, kuma su ne suke saƙa fatar da ke tasowa a saman shayin. Mutanen arewa maso gabashin Sin da na Rasha sun daɗe suna shan abin kafin ya yi tashe a Amurka da Turai. A kan zuba sukari gram 50 zuwa 100 a kowace lita ta shayi, a ƙara tsohuwar kombuca kamar kashi 10 cikin 100, kamar dai yadda Bafulatana take barin ɗan tsohon nono a ƙwarya domin sabuwar madara ta kama. Wannan tsohuwar da ake ƙarawa ita ce mai gadin tulun. Ana auna tsami da ma'aunin da ake kira pH, inda 7 take nufin ruwa zalla, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, abin da ya haura kuma ɓangaren kanwa ne. Ana so shayin ya fara a ƙasa da 4.5 tun ranar farko, ya ƙare tsakanin 2.5 da 3.5, saboda a irin wannan tsami ƙwayoyin cutar da ke ɓata ciki ba sa samun damar yaɗuwa. Shayi mai sukari da aka ajiye kwana goma a zafin Garwa ba shi da wani abin da ke tsare shi in ban da wannan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a tulun kombuca tsamin shi ne gaba ɗayan aikin.

Shi kuwa bentonit yumɓu ne da ya samo asali daga tokar dutse mai aman wuta, wadda ta kwanta a cikin ruwa tsawon zamani har ta rikiɗe. An laƙaba masa sunan a 1898 daga wani wuri da ake kira Fort Benton a Amurka, babban ma'adinin da ke cikinsa kuma ya ɗauko nasa sunan daga garin Montmorillon na Faransa. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, sirara ƙwarai. Kowa ya san batir yana da kai biyu, mai alamar ƙari da mai alamar ragi, kuma kishiyoyi ne suke jan juna. To fallayen wannan yumɓu cajin ragi suke ɗauke da shi, don haka suke kama abin da ke da cajin ƙari su riƙe. Irin da ke da sodiyam yana shan ruwa ya kumbura ya ninka girmansa sau da yawa, mai kalsiyam kuma kumburinsa kaɗan ne. Wannan hali ne ya sa masu haƙa rijiya suke kwaɓa shi su tura cikin rami, ya riƙe bangon kada ya rufta, ya sanyaya bakin injin, ya kuma ɗago ɓarɓashin dutse zuwa sama. Masu zubin ƙarfe suna haɗa shi da yashi, matatun man girki kuma suna amfani da wani nau'insa wajen washe launin mai.

Zan yi wa masu dabarar adalci, domin maganarsu tana da tushe. Masu sarrafa ruwan 'ya'yan itace da giyar inabi a Turai sun daɗe suna amfani da bentonit wajen cire wasu sinadaran furotin da ke sa ruwan ya yi hazo idan ya ji zafi. Sai dai wanda ya ga yadda suke yi zai san akwai nisa tsakanin aikinsu da abin da 'yar tawa ta yi. Suna sayen irin da aka tace musamman domin abin sha, wanda aka auna yawan dalma da arsenik, wani sinadari mai guba, da ke cikinsa aka rubuta. Galibi abin da suke zubawa yana tsakanin gram 0.2 da gram 1 a lita. Suna jiƙa shi tun jiya a ruwa daban, su gwada a ƙananan kwalabe su ga mafi ƙarancin da zai wadatar, sa'an nan idan ya kwanta su tsiyaye ruwan su zubar da lakar, ba mai kai ta bakinsa. Su da kansu kuma sun san yana rage launi da ƙamshi, shi ya sa suke taka tsantsan da shi a jan inabi. Jan zoɓo da jan inabi dangin sinadari ɗaya ne, kuma a cikin tsami yana ɗauke da cajin ƙari, don haka yumɓun ya kama shi ya sauka da shi gindin kwalba. Koɗewar da na gani ke nan. Ita kuwa manyan cokula biyu ta zuba a tulun lita biyar, wanda ya ninka abin da waɗancan suke zubawa sau da dama, kuma wani tulun tun ranar farko ta zuba masa tare da uwar, domin a bidiyon an ce wai yana ba uwar abinci.

Washegari na yi ɗan gwajin da kowace uwargida za ta iya yi a ɗakin girkinta. Na zuba garin a kofin gilashi na ruwa na motsa, na bar shi ya kwana ya kwanta, na tsiyaye ruwan saman a wani kofi, na ɗauko kofi na biyu na ruwa zalla, na ɗiga wa kowanne ɗigo kaɗan na zoɓo. Kofin ruwa zalla ya yi ja-ja mai haske. Kofin da yumɓu ya kwana a cikinsa ya juya ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, irin juyawar da matanmu suka sani idan kanwa ta taɓa zoɓo ko ruwan yakuwa. Ban yi mamaki ba, domin bentonit mai sodiyam a ɓangaren kanwa yake, kuma da yawa daga cikin wanda ake sayar wa masu haƙa rijiya ana haɗa shi da sinadarin soda, ɗan'uwan kanwar da ake kawo mana daga wajen Tafkin Cadi, wani kuma a ƙara masa sinadaran da ke sa kwaɓin ya yi yauƙi. An yi wannan ne domin rami, ba wanda ya yi tunanin cikin ɗan Adam sa'ad da yake haɗawa. Duk macen da ta taɓa kashe tsamin miya da kanwa ta riga ta san abin da zai faru idan aka zuba irin wannan a sabon shayin da tsaminsa bai kankama ba.

Haka kuwa aka yi. Da na je gidanta na ɗaga ƙyallen tulun da ta zuba wa garin tun farko, sabuwar fatar da ta taso siririya ce kamar takarda, ƙarƙashin uwar ya cika da laka, kuma a gefe akwai ɗigo-ɗigon fumfuna, busassu masu gashi-gashi, wasu kore wasu baƙaƙe, irin waɗanda ke fitowa a burodin da ya kwana uku a leda. Tulun da fumfuna ta kama ba ya gyaruwa. A zubar da shayin da uwar gaba ɗaya, a wanke da tafasasshen ruwa. Ta so ta yanke wurin ta bar sauran, na hana. Garin neman gira aka rasa ido: ana so ruwa ya washe, aka raunana tsamin da ke tsare shi. Ga kuma wata ƙaramar fitina da ta ba mu dariya daga baya, ko da yake rigata ce ta biya kuɗin: kwalbar da ke da ɓarɓashin yumɓu a ciki idan aka buɗe ta sai ta yi ambaliya lokaci guda, saboda kowace ƙwayar ƙura wuri ce da iska take taruwa ta yi kumfa.

Amma duk wannan asarar sukari da ganyen shayi ce, ana iya mayarwa. Abin da ya hana ni barci shi ne dalma. Yumɓu daga ƙasa ake haƙo shi, kuma halin nan nasa na kama abin da ke da cajin ƙari bai fara aiki a ranar da aka zuba shi a tulu ba; tun yana kwance a inda Allah ya ajiye shi yake kama ƙarafan da ke kewaye da shi, har da dalma. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi har sau biyu a kan garin bentonit da ake sayar wa mutane a matsayin abin gyaran jiki, saboda yawan dalmar da aka samu a ciki. A ɗaya daga cikinsu an auna an sami kashi 37.5 cikin miliyan. Adadin yana da kamar ƙanƙanta a kunne, don haka bari mu yi lissafin 'yan aji. Kashi 37.5 cikin miliyan yana nufin mikrogram 37.5 a kowane gram ɗaya na garin, mikrogram kuwa shi ne gram da aka raba gida miliyan. Gram 5 na irin wannan gari yana ɗauke da mikrogram 187.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a mikrogram 10 a lita. Idan aka zuba gram 5 a lita guda, ko da kashi ɗaya cikin goma kawai ya narke, an kusa ninka iyakar sau biyu. Kuma wannan gari ne da aka zuba a gwangwani mai kyau aka sayar a kanti domin mutane, ba wanda aka ɗebo daga buhun masu haƙa rijiya ba.

Wanda yake ganin na cika tsoro ya dubi maganin gudawar nan na gari da ake sayarwa a ƙananan fakiti a kantunan maganinmu, wato Smecta, wanda kusan kowace uwa a Kamaru ta san shi. Da yumɓu aka yi shi, ɗan gida ɗaya da bentonit, kuma an tace shi tacewar magani. Duk da haka a 2019 hukumar kula da magunguna ta Faransa ta ce a daina ba yara 'yan ƙasa da shekara biyu, ta kuma ce ba a so masu ciki da masu shayarwa su sha, saboda burbushin dalmar da ke cikin yumɓun tun daga ƙasa. Haka nan farar ƙasar da mata masu ciki suke gwaguya, wadda a kudancin ƙasar nan ake kira kalaba, hukumomin lafiya a Ingila da Amurka sun yi gargaɗi a kanta saboda dalma da arsenik. Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan guba ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina cewa cokalin bentonit zai yi irin wannan ɓarna ba, adadin ya yi nisa da juna. Sai dai dalma ba ta da ɗanɗano ko wari, tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga ciwo ba, kuma masana lafiya sun ce babu wani adadinta a jini da za a kira lafiyayye.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne tsamin kombucar kansa. Dalmar da ke manne a yumɓu tana iya zama a wurinta a cikin ruwa zalla, amma tsami yana ɓamɓare ta, ya kuma narkar da wani abu na alminiyam ɗin da aka gina yumɓun da shi. A 1998 likitoci a Ostiraliya sun ba da labarin wani miji da matarsa da gubar dalma ta kama, aka bi sawu aka tarar daga tukunyar tangaran ce mai sheƙi da suke haɗa kombuca a ciki, tsamin ya riƙa cin fentin jikinta. A nan gida ma, wani binciken da aka buga a 2014 a kan tukwanen alminiyam da ake zubawa a Kamaru daga tarkacen ƙarfe ya nuna suna sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsamin khal a cikinsu, kuma wannan tsamin shi ne dai na kombuca. Saboda haka ko babu maganar bentonit, duk mai wannan sana'a ya nemi tulun gilashi, ya nisanci tukunyar zubi da tangaran mai fenti. Wanda ya sayi gilashi don gudun dalma kuma ya ɗauko yumɓun da ba a auna ba ya jiƙa a cikin tsami kwana goma, ya koma inda ya baro.

Sai maganar tsotse guba, wadda ita ce ta fi jan hankalin jama'a. A nan ma akwai gaskiyar da aka ja ta har ta tsinke. Wasu nau'o'in wannan yumɓu suna kama aflatoksin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, shi ya sa ake haɗa su a abincin dabbobi, har ma an gwada wani irin mai kalsiyam a kan mutane a ƙasar Gana. Amma a cikin hanji yake kama gubar tare da abincin da ta shigo da shi, kuma yumɓun da aka yi gwajin da shi an tantance shi tukuna. Yumɓu ba ya shiga jini, balle ya je hanta ko ƙoda ya yi wanki. Shayin da aka dafa da tafasasshen ruwa da sukari kuma ba gyaɗa ba ne. Ban da haka yumɓun ba ya tambayar abin da ya kama ko mai amfani ne: yana iya riƙe sinadarin ƙarfen da jini yake buƙata, da fotasiyam, da magungunan da mutum ya sha, shi ya sa ma a takardar maganin gudawar da na ambata ake cewa a ba da tazara tsakaninsa da sauran magunguna. A gari irin namu, inda mata masu ciki da yawa suke fama da ƙarancin jini suna karɓar ƙwayoyin ƙarin jini a asibiti, inda kuma dattawa suke shan maganin hawan jini kullum, wannan abin dubawa ne. Wanda ya sha da yawa kuma yana iya gamuwa da taurin bayan gida mai tsanani.

Akwai kuma wata magana da na ji daga bakin wata maƙwabciyarmu, wadda ita ma aka turo mata bidiyon, cewa wai garin yana cire barasar da ke cikin kombuca. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara da wuri a cikin al'ummar Musulmi. Barasa ba ta da cajin da yumɓu zai kama, kuma ta gauraya da ruwan gaba ɗaya. Hujja mafi sauƙi ita ce masu giyar inabi suna zuba bentonit shekara da shekaru, giyarsu kuma tana fitowa giya. A Amurka abin sha da ya kai kashi 0.5 cikin 100 na barasa yana shiga ƙarƙashin dokar giya, kuma a 2010 manyan kantuna a can sun kwashe kombuca daga kan kantoci saboda an tarar wasu kwalaben sun haura wannan iyaka. Ta gida tana iya wuce kashi 1 ko 2, musamman idan aka ƙara sukari ko ruwan 'ya'yan itace aka toshe kwalba a wuri mai zafi, domin bakteriyar da ke mayar da barasa khal sai da iska suke aiki, yis kuwa yana ci gaba da nasa a rufe. Hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Nawa shi ne in shaida musu da masu tambayar cewa yumɓu ba ya canza komai a wannan lissafi.

Duhu-duhun da ya jawo duk wannan kuwa yis ne da ya yi yawa, da guntayen sabuwar fata. Kombuca ta fi son zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 29 ba, mu kuwa a bazara muna haura 40, sai yis ya riƙa hayayyafa fiye da kima. Abin da na ce wa 'yar tawa ta yi ba ya cin ko sefa ɗaya. Ta ajiye tulun a ɗaki mafi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da kwanon rufi, idan zafi ya tsananta ta tsayar da shi a cikin kwano mai ruwa ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa randa. Ta fara ɗanɗanawa tun kwana na biyar maimakon ta jira kwana goma. Idan za ta ɗebi tsohuwar da za ta haɗa sabo da ita, ta ɗiba daga sama, domin yis a gindi yake taruwa, ta kuma tsige zaren nan masu launin ƙasa daga ƙarƙashin uwar da hannu mai tsabta. Idan ta sauke, ta tace da ƙyalle ninki biyu irin na tatar kamu, ta sa a firji kwana biyu ko uku, sanyi zai kwantar da yis ɗin da kansa, sai ta tsiyaye a hankali ta bar na gindin. Kwalaben da ta toshe kuma ta riƙa sassauta murfinsu kullum, ta ɗura ɗaya a robar lemo ta zama ma'auni, idan robar ta yi tauri lokacin sanyayawa ya yi, domin kwalbar gilashi tana fashewa a zafinmu.

Idan wani mai sana'a ya nace sai ya yi amfani da bentonit, to aƙalla ya bi hanyar masu abin: ya nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na abin sha ne, tare da takardar awon dalma da arsenik, kada ya kai shi kusa da uwar ko tulun da ake haɗawa, ya zuba abin da bai kai gram ɗaya a lita ba a kombucar da ta riga ta gama, ya bar shi kwana ɗaya ko biyu a sanyi, ya tsiyaye ya zubar da lakar. Ni dai a ganina ko wannan wahala ce da ba ta biyan kanta, tun da firji da ƙyalle suna yin kusan aikin, ga launi da ƙamshi ba su tafi ba. Garin da ake ƙullawa a leda a kasuwa ba suna ba takarda, da na buhun masu rijiya, da wanda ake sayarwa don shafa wa fuska, babu ɗayansu da ya dace da tulun abin sha.

Ina roƙon hukumar ANOR mai kula da ingancin kayayyaki, da jami'an lafiya na jihohinmu uku na arewa, su sa ido a kan garin yumɓun da ake tallatawa ta waya da sunan maganin wankin ciki, su riƙa ɗaukar samfuri ana aunawa. Ina kuma roƙon shugabannin masu haƙa rijiya su ja kunnen yaransu kada su riƙa ɗebo garin aiki suna kaiwa gida, domin yaron da ya kawo wa matar yayansa ledar nan taimako ya yi niyya, kuma da na nuna masa kofunan biyu jikinsa ya yi sanyi. Masu kantin magani da ungozomomi su ma suna da bakin magana, tun da su mata suka fi tambaya.

'Yar tawa ta zubar da tulun da fumfuna ta kama da duk kwalaben da garin ya taɓa, ta aika wa ƙawarta aka kawo mata wata uwar a motar Ngaundere. Yanzu tana tacewa da ƙyalle tana kwantarwa a firji duk lokacin da wuta ta tsaya, kombucar tana fitowa ja, da ɗan hazo kaɗan da ba ya tafiya, kuma mutumin nan mai maganar ruwan Binuwai har yanzu yana aiko yaro ya karɓar masa kwalba biyu duk ranar Litinin. Ledar garin kuwa na mayar wa mai ita ya kai wurin aikinsu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin ilimin sinadarai,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.